Makullin da ke buɗe ƙofar kowa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar shari'a ce, kuma ina bibiyar ƙudirorin da majalisun ƙasashe ke ta kawowa a kan tsaron intanet. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda masana kwamfuta ke tayar da jijiyar wuya duk lokacin da aka ce kamfanoni irin su WhatsApp su buɗe kullallen saƙo idan kotu ta ba da umarni. Alƙali na da ikon sa a bincike gidan mutum har ɗakin barcinsa. Me ya sa wayarsa za ta fi gidansa alfarma? Ko dai kamfanonin kasuwarsu kawai suke karewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Misalin gidan nan da kika kawo shi ne wanda ministoci da shugabannin 'yan sanda ke kawowa a gaban majalisa, kuma misali ne mai ƙarfi, don haka a kansa zan ɗora amsata. Na daɗe ina aikin tsare hanyoyin sadarwar kwamfuta, amma ban taɓa jin wani ƙwararre a fagenmu ya ce waya ta fi gida alfarma ba. Alƙali na da ikon sa a bincike waya, ana kuwa yin haka kullum. Rigimar a wani wuri daban take.

Idan alƙali ya ba da takardar binciken gida, jami'ai gidan mutum ɗaya za su je, wanda ake zargi. In ya ƙi buɗewa su ɓalle ƙofarsa, ƙofar maƙwabcinsa kuwa tana nan yadda take. Abin da waɗannan ƙudirori ke nema shi ne a kira maƙerin kwaɗo a ce masa daga yau duk kwaɗon da zai ƙera, na kowa da kowa, ya zamana akwai wani makulli na uku da ke buɗe shi. Takardar kotu tana hawa kan mutum ɗaya bayan an ga alamar laifi a tare da shi. Makulli na uku tun a maƙera yake shiga, kafin a zargi kowa da komai, kuma ƙofar mai laifi da ta marar laifi duk ɗaya ne a wurinsa.

Bari in ɗan fayyace yadda kullen yake, domin a nan ne lauyoyi da yawa ke zamewa. Idan kika aika saƙo ta Signal, ko ta WhatsApp tun daga watan Afrilun 2016, wayarki ce ke kulle shi kafin ya fita, wayar wanda kika aika wa ce kaɗai ke iya buɗewa. Kamfanin ɗan dako ne, akwati yake ɗauka daga nan zuwa can bai san abin da ke ciki ba. Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan muhimmanci: makullin ba ɗaya ba ne da ake ta amfani da shi shekara da shekaru. Kusan kowane saƙo da nasa makullin, da zarar an buɗe saƙon sai wayar ta shafe makullin. Saboda haka ko ɓarawo ya sace makullin yau, ba zai buɗe hirar jiya da ya naɗa ya ajiye ba. To, idan kotu ta ce wa kamfani ya kawo saƙon wane, ya ce ba shi da shi, gaskiya ya faɗa. Kafin ya iya bin irin wannan umarni nan gaba, sai ya rushe ginin ya sake wani: ya daina shafe makullai, ya riƙa ajiye kwafinsu a wani rumbu, ya ɗauki ma'aikatan da za su riƙa shiga rumbun sau ɗaruruwa a rana suna amsa buƙatun kotuna. Ranar da aka gina wannan rumbu, babu wata ma'ajiya a duniya da masu kutse da hukumomin leƙen asirin ƙasashe za su fi kwaɗayi kamarta.

Kafin in ci gaba, kada a ɗauka duk abin da ke cikin ƙudirorin tsaron intanet abin ƙi ne. Mafi yawansu ma mu muka daɗe muna roƙo. Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2022, wadda ake kira NIS2, ta wajabta wa masu riƙe da muhimman ayyuka irin su wutar lantarki da ruwa da asibitoci su sanar da hukuma cikin sa'o'i 24 idan an yi musu babban kutse, su kawo ƙarin bayani cikin sa'o'i 72. Amurka ma ta yi makamanciyarta a shekarar. Birtaniya ta hana sayar da na'urorin gida masu haɗuwa da intanet ɗauke da kalmar sirri irin wadda kowa zai iya cinka, tun daga Afrilun 2024. Waɗannan duk ƙarin ƙarfi ne ga ƙofa. Matsalar takan zo ne a sashe ɗaya ko biyu da ake cusawa can tsakiyar daftari mai shafuka ɗari, wanda shi kuma sassauta ƙofar yake yi, a ƙarƙashin take guda na tsaron ƙasa. Ɗan majalisar da ya ƙi wannan sashe sai a ce ya ƙi tsaro gaba ɗaya.

Za ki iya cewa, to ai sai a tsare rumbun da kyau. Haka aka ce a 1993, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta fito da wani ɗan guntun na'ura mai suna Clipper da za a riƙa sakawa a wayoyin tarho. Zai kulle magana, amma kowace na'ura akwai makullinta a hannun gwamnati, an raba shi gida biyu an ba hukumomi biyu ajiya, sai da izinin kotu za a haɗa su. A takarda tsari ne mai kyau, kuma hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, wadda ta fi kowa ƙwararrun masana lissafi, ita ta tsara shi. A 1994 wani mai bincike, Matt Blaze, ya nuna cewa mai wayo zai iya amfani da kullen na'urar ya kuma hana makullin gwamnati aiki. Wato mai gaskiya ƙofarsa a buɗe, mai laifin da ya san hanya tasa a rufe. Zuwa 1996 maganar Clipper ta mutu.

A waɗannan shekarun ne kuma Amurka ta ɗauki fasahar kulle bayanai a matsayin makami, ta hana fitar da mai ƙarfi zuwa ƙasashen waje. Phil Zimmermann, wanda ya rubuta manhajar kulle saƙo mai suna PGP a 1991, ya sha binciken gwamnati na shekara uku kafin a ƙyale shi a 1996. Kamfanoni suka riƙa saka kulle iri biyu a kayansu, mai ƙarfi na gida da rarrauna na fitarwa, don NSA ta iya karya na baƙi. An sassauta dokar a shekarar 2000, kowa ya manta. Amma rarraunan kullen bai fita daga cikin manhajoji ba, yana nan kwance kamar tsohuwar nakiya da aka binne aka bar garin. A watan Maris na 2015 masu bincike suka gano cewa ana iya yaudarar waya ko kwamfuta ta koma amfani da shi, sannan a karya shi cikin 'yan sa'o'i da hayar kwamfuta ta kusan dala 100. Aka sa wa ɓarakar suna FREAK. Cikin shafukan da abin ya shafa har da na NSA kanta. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya bayan shekara kusan 20, kuma waɗanda suka rubuta dokar tuni sun bar ofis.

Misalin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne na kamfanonin waya, domin a can an riga an yi abin da ake son yi wa manhajojin saƙo, muna kuma da sakamakon a hannu. A 1994 Amurka ta yi dokar CALEA, wadda ta tilasta wa kamfanonin sadarwa su gina wa na'urorinsu hanyar sauraron kira don jami'an tsaro masu takardar kotu. Ƙasashe da yawa suka bi sahu, masu ƙera na'urorin kuma suka mayar da ita abin da ke zuwa cikin kaya. A ƙasar Girka, daf da wasannin Olamfik na 2004, wasu da har yau kotu ba ta hukunta ba suka kutsa cikin na'urorin Ericsson da kamfanin Vodafone ke aiki da su, suka kunna wannan hanya ta sauraro don kansu. Wayoyi sama da 100 suka riƙa saurare na tsawon watanni, har da ta firaministan ƙasar, Kostas Karamanlis, da ta ministocinsa. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne Vodafone ba ta ma sayi sashen da ake sarrafa sauraron da shi ba. Ikon dai yana kwance a cikin manhajar, sai wani ya zo ya tashe shi. Ba a gano ba sai a farkon 2005, shi ma don wasu saƙonnin tes sun riƙa ɓacewa ne aka shiga bincike.

Mai musu zai ce wannan tsohon zance ne, kuma Girka ƙaramar ƙasa ce. To, a ƙarshen 2024 hukumomin Amurka suka tabbatar cewa wasu masu kutse da suka alaƙanta da gwamnatin Sin, waɗanda ake wa laƙabi da Salt Typhoon, sun shiga cikin kamfanonin sadarwar ƙasar aƙalla tara, har da AT&T da Verizon. Sin ta musanta. Sanarwar da FBI da hukumar tsaron intanet ta CISA suka fitar ta ce cikin abin da aka kwashe akwai bayanan da suka shafi buƙatun da jami'an tsaro suka shigar bisa umarnin kotu. A watan Disamban shekarar, CISA ta shawarci manyan jami'an gwamnati da 'yan siyasa su koma amfani da manhajojin da ke kulle saƙo daga waya zuwa waya, har ta ambaci Signal. Ki duba wannan da kyau, Malama: gwamnatin da ta shafe shekara 30 tana neman a sassauta kullen, ranar da aka shigo mata gida, bayan kullen ta ce mutanenta su ɓuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan tsagar kuwa doka ce ta sa a yi ta.

Ba na faɗin wannan don in ce jami'an gwamnati sakarkaru ne. Riƙe sirri a hannun mutane da yawa na tsawon lokaci abu ne da ba wanda ya iya. NSA ta ɓoye wata ɓaraka da ta gano a Windows tana amfani da ita, aka sace makamin aka watsa shi a intanet a Afrilun 2017, bayan wata guda aka ƙera wata muguwar manhaja mai suna WannaCry da shi, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, asibitocin Birtaniya suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Har a kwaɗon ƙarfe an gani: hukumar tsaron filayen jiragen saman Amurka na da makullan da ke buɗe kwaɗon akwatunan matafiya, jaridar Washington Post ta buga hotonsu a 2014, zuwa 2015 mutane sun zana su daga hoton suna ƙera nasu a gida.

Akwai kuma tambayar da masu daftari ba sa son a yi: wace gwamnati? Manhaja ɗaya ce a wayar ɗan Landan da ta ɗan Mosko da ta ɗan Tehran. Idan kamfani ya gina ƙofar don kotun wata ƙasa, ba shi da bakin ce wa ta gaba ba zai iya ba, domin ya riga ya nuna ya iya. Kowace ƙasa kuma ita ke fassara wa kanta ma'anar ta'addanci da barazana ga tsaro, a wasu wuraren ɗan jarida da ɗan adawa suna cikin fassarar. Ke da kike karatun shari'a kin fi ni sanin cewa ikon da aka ba gwamnatin yau, gwamnatin gobe ce ke gadonsa.

Masu rubuta ƙudirorin sun gane cewa kalmar ɓarauniyar ƙofa ta yi baƙin jini, shi ya sa sababbin daftarori ba sa ambatonta, wasu ma sukan rubuta ƙarara cewa ba su nufin raunana kulle. A nan ne ake bukatar ido. Dokar Ostareliya ta Disamban 2018 ta ba gwamnati ikon umartar kamfani ya gina sabuwar hanyar taimaka wa jami'ai, sannan ta ce ba za a tilasta masa saka raunin da ya shafi tsarin gaba ɗaya ba. Da daɗin ji. Amma ta fassara wannan rauni da cewa wanda ya shafi rukunin fasaha baki ɗaya, ban da wanda aka saka don wani mutum takamaimai. Injiniya ya san cewa kayan aikin da aka ƙera don buɗe wayar mutum ɗaya zai buɗe duk waya irinta. Wannan shi ne ainihin abin da Apple ta tsaya a kai a 2016, lokacin da FBI ta samo umarnin kotu cewa ta rubuta manhaja ta musamman don buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan da suka kashe mutum 14 a garin San Bernardino na Amurka. Firaministan Ostareliya na lokacin da aka fara maganar, Malcolm Turnbull, da aka tambaye shi a 2017 ko lissafi zai yarda da abin da yake so, cewa ya yi dokokin lissafi abin yabawa ne, amma dokar da ke aiki a Ostareliya ita ce dokar Ostareliya. Har yau mutanen fagenmu na tuna wannan magana suna murmushi.

Rigar da ta fi tashe yanzu ita ce a ce ba za a taɓa kullen ba, wayar ce za ta duba hoto ko saƙo kafin ta kulle shi, in ta ga haramtaccen abu ta kai rahoto. A kan wannan aka gina ƙudirin da Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar a watan Mayun 2022 don yaƙi da hotunan lalata da yara, haka kuma dokar kare masu amfani da intanet ta Birtaniya ta 2023 ta ba hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, Ofcom, ikon tilasta irinsa. Manufar babu mai ja da ita. Amma wasiƙar da aka karanta kafin a liƙe ambulan, me liƙewar ta tsare? Sannan ga lissafi. A 2020 an bayyana cewa saƙonni kusan biliyan 100 ke bi ta WhatsApp a kullum. A ce na'urar tantancewa ta ƙware har ba ta kuskure sai sau ɗaya cikin miliyan, wanda babu irinta, to kullum saƙonni 100,000 na bayin Allah za su faɗa gaban wani baƙo ya buɗe ya gani. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba da ya ɗauki hoton kumburin da ke al'aurar ɗansa don ya tura wa likita, na'urar Google ta ɗauke shi mai laifi, aka rufe masa asusu, 'yan sanda suka bincike shi suka wanke shi. Wannan a inda babu kulle ma ke nan. Kuma jerin abubuwan da wayar ke nema a ɓoye yake, mai waya ba ya iya dubawa. Yau hoton cin zarafin yaro ne a jerin, gobe wa zai hana a ƙara takardar kiran zanga-zanga? Apple da kanta ta sanar da irin wannan tsari a Agustan 2021, cikin makonni masu bincike suka nuna ana iya haɗa hotuna biyu mabambanta na'urar ta ɗauke su ɗaya, zuwa Disamban 2022 ta watsar da shi. Majalisar Turai ma a matsayar da ta ɗauka a Nuwamban 2023 ta cire kullallun saƙonni daga tilascin.

Wasu rigunan ba sai na daɗe a kansu ba. A 2018 jami'ai biyu na hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, GCHQ, suka ba da shawarar a riƙa saka jami'i cikin hira a ɓoye, kamar fatalwa, wayar kuma ta yi shiru kada ta sanar. Hakan na nufin a koya wa manhaja yi wa mai ita ƙarya game da wanda yake magana da shi. Indiya kuma a dokokinta na 2021 ta ce dole a iya gano wanda ya fara aika saƙo, abin da ba zai yiwu ba sai an ɗora wa kowane saƙo na kowa alama an ajiye. WhatsApp ta kai ƙara babbar kotun Delhi a watan Mayun shekarar.

Yanzu bari in yi wa 'yan sanda adalci, don ba ƙarya suke ba. Akwai shari'o'in da suka tsaya cak saboda waya ta ƙi buɗuwa, akwai iyayen da aka kashe wa 'ya'ya suna kallon wayar a kan teburin mai bincike. Duk wanda ya ce kulle ba ya hana kama wani mai laifi, bai faɗi gaskiya ba. Abin da nake jayayya da shi shi ne girman matsalar da kuma maganin. FBI ta yi ta faɗa wa majalisa cewa a shekarar kuɗi ta 2017 na'urori 7,775 ne ta kasa buɗewa. A watan Mayun 2018 ta amsa cewa kuskuren ƙidaya ne, an riƙa lissafa waya ɗaya fiye da sau ɗaya, adadin gaskiya bai fi tsakanin 1,000 da 2,000 ba. Wayar San Bernardino ma, ana cikin shari'a FBI ta samu wasu ƙwararru suka buɗe mata, ta janye ƙarar. Kullen kuma abin da aka faɗa kaɗai yake rufewa. Wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, daga ina, sau nawa, da wa da wa ke cikin rukuni, ina kuɗi suka bi, yawancin wannan yana nan, kuma mai binciken zamanin baya ko a mafarki bai samu irinsa ba.

Manyan nasarorin da aka samu a kan gungun miyagu a 'yan shekarun nan, babu wadda ta bukaci a taɓa wayar talaka. A 2020 'yan sandan Faransa da na Holan suka kutsa cikin EncroChat, wani tsarin waya da dillalan ƙwaya suka fi amfani da shi, kamen da ya biyo baya ya haura mutum 6,000. FBI da 'yan sandan Ostareliya kuwa kamfanin waya na bogi suka gudanar mai suna ANOM, miyagu suka sayi wayoyi sama da 12,000 suna ta zuba sirri, jami'ai suka karanta saƙonni miliyan 27, aka kama sama da mutum 800 a watan Yunin 2021. Waɗannan hanyoyi ma suna da nasu tambayoyin na shari'a, kotunan Turai sun sha muhawara a kan hujjojin EncroChat, kuma manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus sun nuna yadda ake karkatar da kutsen da aka ce na masu laifi ne zuwa kan 'yan jarida. Duk da haka sun fi kama da ɓalle ƙofar gida ɗaya. Akwai kuma darasi a ciki: babban mai laifi ba ya zama inda ya san an buɗe. Lissafin kulle saƙo yana cikin littattafan jami'a tun bayan aikin Whitfield Diffie da Martin Hellman na 1976, manhajojinsa kuma kyauta suke a intanet. Doka na iya tilasta wa kamfani mai ofis da asusun banki, ba ta iya goge ilimi daga kan mutane. Rasha ta toshe Telegram a Afrilun 2018 saboda ya ƙi miƙa makullai, ta toshe miliyoyin adireshin intanet na Amazon da Google a garin farautarsa, ta lalata wa 'yan kasuwarta harkoki, Telegram bai daina aiki ba, a Yunin 2020 ta haƙura.

Batun ko kamfanoni kasuwarsu suke karewa, e, suna karewa. Sirri haja ce da suke tallatawa, kuma rashin riƙe makulli na rage musu wahalar amsa kotuna. Wasunsu ma da suke ihun kare sirrinki, da bayananki suke cin abinci ta wata ƙofar. Kada ki yarda da su don sun faɗa. Ki duba waɗanda ba su da hajar sayarwa. A 2015 masana 15, cikinsu har da Diffie da Ronald Rivest da Ross Anderson, suka fitar da doguwar takarda suna bayyana dalilin da ya sa ba a san hanyar gina irin wannan ƙofa cikin aminci ba. A fagenki kuma, ki nemi hukuncin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai na ranar 13 ga Fabrairun 2024 a shari'ar Podchasov da Rasha. Kotun ta ce tilasta buɗe kullallun saƙonni na nufin raunana kullen ga dukkan masu amfani da manhajar, don haka matakin ya wuce gwargwadon bukata, ya saɓa wa sashe na 8 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wanda ke kare rayuwar sirri. Hujjar maƙerin kwaɗo ce dai, alƙalai suka faɗe ta da harshensu. A Maris na 2025 majalisar dokokin Faransa ma ta yi watsi da wani sashe makamancin wannan a ƙudirin yaƙi da fataucin ƙwaya.

Idan daftari ya zo hannunki, kada ki tsaya neman kalmar kulle, mai yiwuwa ba za ki same ta ba. Ki nemi inda aka ce mai ba da sabis zai miƙa bayani a yanayin da za a iya karantawa, ko zai ba da duk taimakon fasaha da ake bukata, ko zai ci gaba da riƙe ikon cire kariyar da ya saka. Sai ki tambayi sashen: kamfani zai miƙa abin da ke hannunsa ne, ko za a sa shi ya sake ƙera kayansa don abin ya zo hannunsa? Na farko binciken gida ne, na biyu aiken maƙera. Ki duba wa ke sa hannu, alƙali ko minista, domin a dokoki da yawa minista ne ke ba da umarnin gina hanyar, alƙali sai daga baya. Ki duba yadda aka fassara mai ba da sabis, don wata fassarar takan haɗiye har ɗalibin da ya rubuta ƙaramar manhaja a ɗakinsa.

Sashen da na fi so ki sa wa ido shi ne na rufe baki. Dokar ikon bincike ta Birtaniya ta 2016 ta haramta wa kamfanin da aka ba irin wannan umarni ya bayyana ko da cewa an ba shi, a Ostareliya kuma mai fallasawa na iya shan ɗaurin shekara biyar. A watan Fabrairun 2025 Washington Post ta ruwaito cewa gwamnatin Birtaniya ta umarci Apple a asirce ta samar mata hanyar shiga kullallun bayanan da mutane ke ajiyewa a iCloud, kuma umarnin bai tsaya kan 'yan Birtaniya ba. Apple ba ta da ikon cewa e ko a'a. Abin da ta yi shi ne ta janye wannan kariya daga Birtaniya a cikin watan, ta kuma kai ƙara kotun musamman da ke duba ikon bincike. Gwamnati ta nemi a ɓoye har kasancewar shari'ar, a watan Afrilu kotun ta ƙi. Mutanen Birtaniya dai sun wayi gari da ƙarancin kariya a kan hotunansu da takardunsu fiye da maƙwabtansu na Faransa, saboda wani umarni da majalisarsu ba ta yi muhawara a kansa ba, su kuma ba su taɓa ganin rubutunsa ba.